Ɗana Ya Fara Kiran Kansa Daƙiƙi Saboda Lissafin Alwatika

Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce mazauniyar Makka, wajen Shari'ul Mansur, ɗinki nake yi a gida. Babban ɗana shekararsa 15, yana aji uku na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare. Tun daga ibtida'i, wato firamare, bai taɓa ba ni kunya a lissafi ba, sai bana da abin ya juye. Ya faɗi jarrabawar da suka yi kwanan nan, kuma duk makin a ƙasan takarda ya zube, inda ake kawo tambaya cikin zance. Ga hoton takardar nan na haɗo miki. Babansa ya ce karatun ya isa haka, in shekara ta ƙare zai kai shi warshar ƙanensa ya koyi gyaran mota. Yaron ya daina magana a gida, kuma da bakinsa ya ce mini shi daƙiƙi ne. Ni a aji shida na firamare na tsaya a Katsina, ban san waɗannan haruffa da ake cusawa cikin lissafi ba, kuɗin malamin gida kuma ya fi ƙarfina. Me zan yi masa?

Wata uwa, Makka

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka da alheri da kika turo takardar kanta, domin ta nuna mini abin da wasiƙa ba za ta iya nunawa ba. Ɗanki ba daƙiƙi ba ne. Ba don in sanyaya miki zuciya na faɗi haka ba, hujjar tana nan cikin rubutun hannunsa.

Dubi saman takardar. An ba shi x² + 5x − 24 = 0, ya warware ta tsaf, ya fito da 3 da kuma −8. A littafinsa harafin sin ne ke zaune a wurin x, amma duk abu ɗaya ne. Sauran masu kama da ita ma bai kuskure ko ɗaya ba. Wannan ita ce mu'adala tarbi'iyya, wato lissafin da x ke ninka kansa a ciki (x²), wadda yaran ajinsu ke kuka da ita, shi kuwa ya riga ya ci ƙarfinta. Yanzu sauko ƙasa, inda aka ce wata alwatika girman filinta santimita murabba'i 30 ne, gindinta ya fi tsayinta da santimita 4, a nemo tsawon gindin. Nan ya rubuta x × 4x = 30, ya ƙara layi ɗaya, ya ga lambar ta fito masa da ɓarɓashi, sai ya soke komai ya bar wurin fayau. Gefen takardar kuma wayam, ko zane ɗaya babu. Sokewar nan ma ta yi mini daɗi, don tana nuna jikinsa ya ba shi cewa akwai abin da bai zauna daidai ba. Yaron da bai fahimci komai ba yakan rubuta duk abin da ya fito ya wuce abinsa.

Ke da kike ɗinki kin san irin yarinyar da ta iya taka keke, ɗinkinta ya miƙe sambal, amma in aka miƙa mata tef aka ce ta auna mutum sai ta rikice. Ba a ce mata ba ta da hannu, awo ake zaunar da ita a koya mata. Ɗanki ya iya warware mu'adala in an ajiye masa ita a gaba. Abin da ba a koya masa sosai ba shi ne yadda zai fito da ita da kansa daga cikin zance. Kuma a wannan ɓangaren, Hajiya, kina da abin yi fiye da yadda kike zato, ko da ba ki san x ba.

Kuskure biyu ya yi a layin farko, kuma kowanne za ki iya gyara shi yau da daddare. Na farko, an ce gindi ya fi tsayi da 4, shi kuma ya rubuta kamar an ce ya ninka shi sau 4. Ki tambaye shi: in ƙanwarka tana da riyal 6, kai ka fi ta da riyal 4, nawa gare ka? Zai ce 10 kafin ki rufe baki. Ki sake cewa: to in naka ninki huɗu ne na nata fa? Zai ce 24. Ya san bambancin a bakala, wato kanti, a takarda ne kawai tsoro ya rufe masa ido. Don haka in tsayi x ne, gindi x + 4 ne.

Na biyu, ya manta rabi. Girman filin alwatika, wato misaha kamar yadda malaminsu ke cewa, shi ne gindi sau tsayi, a raba biyu. Yara suna haddace wannan da safe su zubar da shi da yamma, saboda ba su taɓa ganin inda rabin ya fito ba. Ki ɗauko ragowar ƙyalle, ki yanko mai kusurwa huɗu, tsawo 10 faɗi 6. Ki tambaye shi girmansa, zai ce 60. Ki ba shi almakashi ya yanka daga kusurwa ɗaya zuwa wadda take kallonta ta ɗaya ɓangaren. Ya juya yanki ɗaya ya ɗora a kan ɗan'uwansa, zai ga sun hau juna daram. Kowanne 30 ke nan. Wanda ya yanka da hannunsa da wuya ya sake mantawa. Sai ki ƙara masa abu guda: tsayin alwatika ba gefen da ya karkace ba ne. Ki riƙe wata alwatikar a tsaye a kan tebur, shi kuma ya saki zare mai maɓalli daga ƙololuwarta. Tsawon zaren daga sama har ya taɓa tebur, shi ne tsayi. Da yawa suna faɗuwa a nan, su ɗauki gefen da ya jingina su yi lissafi da shi.

Da an gyara waɗannan biyu, sauran hanya ya san ta. Rabin x sau (x + 4) daidai yake da 30. A ninka ɓangarorin biyu da 2 don a rabu da rabin, a samu x(x + 4) = 60. A buɗe baka, a kwaso 60 a dawo da ita gefe ɗaya: x² + 4x − 60 = 0. Ga shi ta koma irin wadda ya cinye a saman takarda. Zai nemi lambobi biyu da in an ninka su za su ba da 60, tazararsu kuma 4, wato 10 da 6. Sai ya rubuta (x + 10)(x − 6) = 0, x ya zama 6 ko −10.

Akwai ramuka uku a ƙarshen nan da nake so ki sa masa ido a kansu. Wasu yara da sun kai x(x + 4) = 60 sai su ce ai ko dai x ne 60, ko x + 4 ne 60. Wannan kuskure ne babba. Sifili kaɗai ke da wannan hali: in abu biyu aka ninka suka ba da sifili, dole ɗayansu sifili ne. Sittin kuwa tana fitowa daga 2 sau 30, da 5 sau 12, da wasu barkatai, shi ya sa ake fara mayar da gefe ɗaya sifili. Sai batun −10. Mu'adala ba ta san alwatika ake magana a kai ba, lambobi kawai take bayarwa, yaro ne zai tuna cewa babu tsayin da ke ƙasa da sifili, ya ajiye ta gefe, ya kuma rubuta dalili a takarda don malami ya gani. Rami na uku shi ne wanda ya fi ƙona rai: yaro ya sha wahala ya samo 6, ya ja layi a ƙarƙashinta, ya manta gindi aka tambaya. Amsar ita ce santimita 10. Kafin ya tashi kuma ya mayar da ita cikin labarin: 10 ya fi 6 da 4, rabin 10 sau 6 kuma 30 ne. Magana ta zauna.

To ga aikinki. Kowane dare ki ware ɗan lokaci kaɗan bayan isha'i, ko kina kan keke ne. Tambaya ɗaya ko biyu sun isa, kada ki bari ya zama horo. Ya karanta tambayar a bayyane, ya rufe littafin, ya ba ki labarinta da Hausa kamar yana ba ki labarin abin da ya faru a layi: me aka ba mu, me ake nema. In ba ki gane ba, ki ce ba ki gane ba, ya sake. Rashin sanin x ɗinki a nan amfani zai yi masa, domin malami yakan gane abin da yaro ke nufi ko da ya faɗa a karkace, ke kuwa sai ya miƙe zancen kafin ki yarda. Bayan haka ya zana alwatikar, ya rubuta abin da aka sani a jikin kowane gefe. Sannan ya rubuta jimla cikakkiya da kalmomi, cewa x shi ne tsayi da santimita. Sai an yi waɗannan za ki ba shi izinin fara lissafi. Zai yi ƙorafi cewa ɓata lokaci ne. Ki daure, don gaggawar tsallake wannan mataki ce ta kai shi inda yake.

Ki kuma saurari yadda yake karatun. 'Ya'yanmu a nan suna tashi da Hausa a gida, Larabcin titi a waje, littafi kuma da fusha, wato daidaitaccen Larabci, aka rubuta shi. In kin ji yana tuntuɓe a jimlar, ko ya kasa maimaita ta bayan ya karanta sau biyu, to wani ɓangare na matsalar a karatun Larabci yake, kuma ya kamata malamin Larabci da murshid na makaranta, wato mai ba ɗalibai shawara, su sani. In kuwa yana karantawa sumul, sabo ne kawai ya rage masa.

Ina so ki faɗa masa wani abu da na tabbata zai ɗaga masa kai. Mutumin da wannan fanni na jabru, wato lissafin haruffa, ya samo suna daga littafinsa, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, ya rubuta shi a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin halifa Ma'amun. Babu x babu sin a ciki, komai da zance ya rubuta, tambaya da amsa. Ya kuma bayyana cewa ya yi shi ne don buƙatun mutane: rabon gado, wasiyya, ciniki, awon filaye da haƙar magudanan ruwa. Ke nan tambaya cikin zance ita ce asali, haruffan daga baya aka kawo su don a taƙaita rubutu. Sanannen misalinsa, murabba'i ɗaya da jazari goma sun yi dirhami 39, wato x² + 10x = 39, da zanen murabba'i ya nuna cewa amsar 3 ce. Irin wannan zane ɗanki zai iya yi da kwali a kan tabarma, da tambayar da ta kayar da shi. Ya yanko murabba'i, ya ce kowane gefensa x ne. Ya raba 4x gida biyu, ya yanko dogayen yanka biyu masu faɗin 2 da tsawon x, ya jingina ɗaya a dama ɗaya a ƙasa. Duka ukun girmansu 60. Zai ga saura ɗan gurbi a lungu kafin babban murabba'i ya cika, 2 sau 2, wato 4. In an cike shi an sami 64, kuma 8 sau 8 ne ke ba da 64. Gefen babban murabba'in x + 2 ne, to x shida ne. Wannan shi ne ikmalul murabba'i, wato cike murabba'i, da ke cikin littafin makarantarsa, wanda mafi yawan yara ke haddace matakansa ba tare da sun taɓa ganin murabba'in da ake cikewa ba.

In ya saba da masu sauƙi, ya matsa gaba, don jarrabawa ba ta tsayawa a kan 6 da 10. Ga irin wadda za ta zo: gindi ya gaza ninki biyu na tsayi da 3, girman fili 22. Tarkon yana cikin jeri, gindi 2x − 3 ne, ba 3 − 2x ba. Nan ma riyal zai fitar da shi: ninki biyu na kuɗin ƙanwarka, a cire 3. Mu'adalar za ta zama 2x² − 3x − 44 = 0. In lalube ya ƙi, ya koma ga kanun na gama-gari da aka koya musu. Mumayyiz, lambar da ake fara lissafawa a wannan kanun, zai fito 9 a tara da 352, wato 361, jazarinsa 19, don 19 sau 19 ne ke ba da 361, sai x ya zama 22 a raba 4, biyar da rabi. Gindi 8, kuma rabin 8 sau biyar da rabi 22 ne cif. Na zaɓi wannan da gangan, saboda ɗanki ya tsorata da ya ga ɓarɓashi. Ya sani cewa amsa mai rabi ba laifi ba ce, gwaji ne ke raba gardama, ba kyan lamba ba.

Wani lokaci kuma ba daga girman fili mu'adalar ke fitowa ba. A ce alwatika mai kusurwar digiri 90, gefenta mafi tsawo 17, sauran biyun ɗaya ya fi ɗaya da 7, a nemo girmanta. Nan ƙa'idar Fisagoras ce za ta buɗe ƙofa: x² + (x + 7)² = 289. Ya kula da buɗe (x + 7)², don x² + 14x + 49 ne, yara kan yar da na tsakiyan. Bayan an rage za a sami x² + 7x − 120 = 0, gefunan su fito 8 da 15, girman fili 60.

Duk wannan ba ya buƙatar malamin gida. Darussan ajinsu suna nan kyauta a tashoshin Ain a YouTube, da kuma manhajar Madrasati da makaranta ta riga ta ba shi. Sai dai ya riƙa tsayar da bidiyon da zarar an karanta tambaya, ya gwada da kansa tukuna. Kallon malami yana warwarewa yana sa yaro ya ji kamar ya iya, alhali hannunsa bai taɓa ba.

Yanzu maganar maigida. Ban ga laifinsa ba da yake tunanin sana'a, gyaran mota abin dogaro ne, kuma uba da ke ganin tsadar rayuwa yana da dalilin tsoron kada ɗansa ya tashi ba karatu ba sana'a. Amma hukuncin nan ya yi girma a gina shi a kan ƙasan takarda ɗaya. Kada ki tare shi da gardama, kada kuma ki yi maganar a gaban yara. Ki nemi lokacin da ya huta, ki nuna masa saman takardar da makin da yaron ya cinye, ki ce masa abin da ya rage guda ɗaya ne kuma kun fara gyara shi. Ki roƙi alfarma biyu. Ya je makarantar da ƙafarsa ya gana da malamin lissafi, tunda makarantar maza ce kuma maganar uba ta fi saurin shiga, ya tambaye shi ƙarin tambayoyin zance da yaron zai riƙa yi a gida. Sannan ya bar shi ya wuce sanawi, wato babbar sakandare, warsha kuma ya riƙa zuwa a dogon hutu. Da haka ƙanensa ya sami yaro, shi ya sami abin da yake so, karatu kuma bai yanke ba. In akwai wani babba da maigidan ke jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa, ba laifi ki nemi ya sa baki cikin mutunci.

Ki sanar da shi kuma cewa wahalar nan ba ta jarrabawar bana kaɗai ba ce. A sanawi akwai jarrabawar Kudurat da jami'o'in ƙasar nan ke dubawa, ɓangaren lissafinta cike yake da tambayoyin zance da na zane, ba a shiga da kalkuleta, kuma amsoshi huɗu ake jerawa a zaɓi ɗaya. Yaron da ya saba zana tambaya da mayar da amsa cikin labari yakan gane ta daidai tun kafin ya gama lissafi.

Shirun da ya yi ya fi makin damuna. Kalmar daƙiƙi ba daga sama ta faɗo masa ba, wani ya faɗa masa ita, a aji ko a gida. Ki bincika a hankali, kuma ki hana a sake faɗinta a gidanki, ko da wasa ne tsakanin ƙanne. Kada ki tsaya a cewa kai mai ƙoƙari ne, yaro mai shekara 15 ya san lallashi in ya ji shi. Ki ɗora yatsa a kan 3 da −8 da ya rubuta, ki ce masa malama ta duba ta ce wannan shi ne mai wuyar, kuma ya yi shi daidai. In makonni suka wuce bai saki jiki ba, ko ya rage cin abinci, ko barci ya ƙaurace masa, a kai maganar wurin murshid ko likita, kada a jira.

Ga guda ɗaya ki ajiye masa sai ya yi mako biyu yana wannan aiki. Gindi da tsayi in an haɗa su 14 ne, girman fili 24. Zai sami x² − 14x + 48 = 0, amsoshi 6 da 8. Ki lura ko zai yi saurin jefar da ɗaya don ya saba jefarwa. A nan duka biyun daidai ne: in tsayi 6 ne gindi 8, in tsayi 8 ne gindi 6. Daga nan ki ce masa ya mayar da 24 ɗin 30 ya sake gwadawa. Zai daɗe a kai, ki ƙyale shi. In ya dawo ya ce miki mumayyiz ya faɗi ƙasa da sifili, babu irin wannan alwatika, gaskiya ya faɗa, domin mafi girman da za a iya samu da jimlar 14 shi ne 24 da rabi, lokacin da gindi da tsayi kowanne 7 ne. Ki turo mini hoton wannan takardar tare da zanen da ya yi a gefe, in duba in gaya miki matakin da zai hau na gaba. Allah ya yi masa albarka, ya buɗa masa ƙirji.